Awa Uku a Napoli

Awa uku ya biya ni, baƙon nan daga Oslo,
Torvald, mai kafaɗu kamar ƙyauren gareji.
Ya ce, "Assunta, zaɓa mini,
ban san abin da ke karɓata ba."

Na ja shi wani lungu a Chiaia,
shagon tsoho Gennaro mai allura a leɓe.
Ya kai hannu ga ruwan toka, na buge hannun,
na ɗora masa kwat ruwan zaitun.

Ya daɗe gaban madubi.
"Shekara talatin matata ke zaɓa," in ji shi.
"Bara ta rasu."

Gennaro ya zare allurar daga bakinsa.
Ni kuwa na gyara kwalar da ba ta karkace ba,
na daina duban agogo.