Manyan Yatsu Biyu

Shekara talatin da ɗaya ina yankan cibi
daga Ƙofar Marusa har lungunan Rafindadi,
ban taɓa zaton zan zauna kan benci ba
ina koyon aiki a jikin ɗan roba.

Sista Uwani ta kwantar da shi kan tebur.
Ba shi da suna, ba shi da dangin uwa,
ƙirjinsa ya koɗe
don yawan hannuwan da suka bi ta kansa.
Ta ce, "Inna Kuluwa, matso."
Na matsa ina jan mayafi kamar mai shiga gidan makoki.

"Goge shi tukuna, ki murza bayansa.
In ya yi shiru, daidaita kai,
kada ya langaɓe, kada ya ɗage,
kamar mai shinshinar miyar maƙwabta.
Iska ce farko. Matsa 'yar jakar nan
har ki ga ƙirji ya taso.
In ya sha iska, zuciya ta ƙi ɗaukar gudu,
to, sannan yatsu."

Ta kama hannuwana ta zagaye ƙirjin da su,
yatsu takwas a baya suna tallafe,
manyan biyu a gaba, kan ƙashin tsakiya,
ƙasa kaɗan da layin nonuwa.
Na danna. Ta ce, "Wannan shafa ce."
Na ƙara ƙarfi. Ta ce, "Ba fura kike kirɓawa ba."
'Yan mata masu farin kaya suka ƙunshe dariya.
"Raba kaurin ƙirjin uku, ki nutsa kashi ɗaya,
ki sake shi ya taso da kansa,
amma kada yatsa ya rabu da fata."

Ɗaya, biyu, uku, iska.
Tabawa na kan jaka, ni ina kan ƙirji,
lugude muke a turmi guda,
in ta sauke na ɗaga,
taɓarya biyu ba sa faɗawa tare.
Ɗaya, biyu, uku, iska.
Ashe minti guda ya fi zuwa Jibiya a ƙafa nisa.

A nan ɗan Ladidi ya faɗo mini a rai.
Daren Laraba, daminar da katangarsu ta zube.
Ya fito shiru, leɓe ya yi shuɗi, jiki da ɗumi.
Na yayyafa masa ruwan randa,
na kaɗa tasa a kunnensa,
na riƙe ƙafafu na zazzage shi
yadda na ga kakata tana yi.
Sannan na naɗe shi a zanen uwarsa,
na ce, "Bai zo da zama ba."
Da yanzu ya tsayar da gemu.

Ajali na Allah ne, ban musa ba.
Amma yatsun nan suna hannuna a daren,
su ɗin nan, da lallensu,
ban san abin da aka ajiye a cikinsu ba.

Sista ta ga ƙirgena ya ɓace.
Ba ta tambayi abin da ya jiƙa mini mayafi ba.
Ta ce, "Inna, ba a tsayawa.
Koma daga ɗaya."
Na koma daga ɗaya.

Yanzu na yanke farce har ƙasa.
Lambar Ɗanjuma mai kurkura
na rubuce da gawayi a bangon ɗakina,
don an ce yatsu aron lokaci suke yi
kafin a kai ga asibiti.
Bayan isha'i nakan ɗauko ƙaramin matashi
in rungume shi da tafuka, in yi ta ƙirga.
Jikata Hanne ta leƙo jiya, ta ce,
"Inna, tasbihi kike ba carbi?"
Ban amsa ba, ina kan biyu,
kuma Tabawa ba ta nan,
sai na ce wa yarinyar, "Zo ki tsaya nan wajen kai.
In na ce uku, ke ce iska."