Juyin Kundi

Ƙarfe biyun dare Shekwolo ya kira ni:
"Taso, uwar garke ta ƙi karɓar komai.
Sakamakon jini ya maƙale a ɗakin gwaji,
mai naƙuda na jira, likita na faɗa."
Na tada babur daga Barnawa ana tsuga ruwa,
na haye gada, kogi ya cika ya batse,
ban san wata cikar na jirana a gaba ba.

Ɗakin na'ura, sanyi kamar cikin randa.
Na duba faifai: ɗari bisa ɗari.
Ba ɓarawo, ba tsawa, ba ɓera a waya.
Surutu ne kawai.
Aba ce mai rubuta duk abin da ta gani,
wa ya shiga, wa ya fita, wa ya mance kalmar sirri,
shekara uku ba wanda ya ce mata juya shafi.

Rabin kundin layi ɗaya ne ake ta nanatawa.
Akwai wata firinta a hawa na biyu
da aka yi gwanjonta tun kafin a sake wa ginin fenti.
Duk daƙiƙa biyar uwar garke na kiranta,
duk daƙiƙa biyar ta rubuta: ba amsa.
Ba amsa. Ba amsa.
Na daɗe ina kallon allon. Shekwolo ya ce, "Lafiya?"

Babana akawu ne a masaƙar Kakuri.
Ƙarshen wata ya ja jan layi da rula,
ya rufe littafi, ya ɗaure da igiyar rama,
ya rubuta wata da shekara a gadon bayansa,
ya hau tsani ya ajiye, ya sauko ya buɗe sabo.
Yakan ce, rumbun da ba a kwashe tsohon hatsi,
sabo a waje zai kwana.
Masaƙa ta rufe, gara ta cinye gadon,
amma hannunsa ne ya zo mini a daren nan.

Na kafa wa na'ura doka.
Kowane dare, da sha biyu ta buga,
na yau ya sauka daga kujera ya zama na jiya,
na jiya ya gusa, a matse shi kamar curin daddawa,
a liƙa masa kwanan wata a goshi.
Wanda ya kwana casa'in ya tafi taska,
wanda ya shekara a taska a sallame shi.
Na cire sunan firinta. Kiran ya tsaya.
Faifai ya yi ajiyar zuciya, ya sauko arba'in.
Can ƙasa na ji an buɗe ƙofar ɗakin gwaji.

Saura mafi tsufa, wanda doka ta ce a goge.
Na leƙa, don dai kar a ce ban leƙa ba.
Sai ga suna: Rifkatu, mai yankar kati,
ta shiga bakwai da minti huɗu, ranar Laraba.
Babu layin fita.
Ranar ce ta faɗi a bayan tagarta,
kofin kununta ko rabi bai yi ba.
Mu mun raka ta Sabon Tasha, mun dawo.
Na'ura ba ta zuwa jana'iza,
a wurinta matar na bakin aiki har yanzu.

Dokar tawa ce, yanzu-yanzu na rubuta ta,
ba ni da bakin neman alfarma.
Na ari biro a wurin Shekwolo,
na kwafe layin a bayan rasit ɗin mai,
na ninke, na sa a aljihun gaba.
Sannan na danna.

Ruwa ya ɗauke kafin kiran assalatu.
Sabon kundi ya buɗe, fari fat,
layinsa na farko: sakamako ya fita, huɗu da kwata.
Shekwolo ya miƙo hannu. Na zaci gaisuwa ce.
Ya ce, "Birona."