Gurbin Laraba

A Quellón ruwan sama ba ya sallama, shigowa kawai yake.
Ni ne Evaristo Huenchur, shekara saba'in da ɗaya,
kwale-kwale ɗaya, gwiwa ɗaya mai lafiya,
da kwamfutar da ta girmi jikana.
Allonta baƙi, haruffanta kore,
ba ruwanta da hoto, ba ruwanta da ado,
abin da aka rubuta shi take faɗa, ta yi shiru.

Duk daren Lahadi 'yata Ximena, can Valdivia,
takan kwafo jadawalin teku daga shafin intanet
ta cusa min a imel:
yaushe ruwa zai cika, yaushe zai janye.
A wayarta, in ji ta, abin gwanin sha'awa,
kowace lamba da ɗakinta, kowace rana da layinta.

Kafin ya iso wurina an rushe katangun.
Litinin ta hau wuyan Talata,
ƙarfe huɗu da rabi ta rungume mita shida,
lambobi a warwatse
kamar buhun wake ya fashe a kan gada.
Na kan sa yatsa ina ƙirgawa:
wannan cika, wannan janyewa, wannan cika,
ina taƙama da shekara hamsin a kan ruwa,
wai ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Sai wata Laraba ta zo da gurbi guda babu kowa a ciki,
don janyewar biyu ta tsallaka tsakar dare, ta zama ta Alhamis.
Allona bai san ana ajiye wa babu wuri ba.
Ya haɗiye gurbin,
lambar maƙwabta ta matso ta zauna.
Na fita da asuba a kan lissafin ƙarya.
Awa shida kwale-kwalena na zaune cikin taɓo,
tsuntsayen teku na zagaye ni suna shewa,
burodina ya jiƙe, sigarina ya jiƙe,
girman kaina ma haka.

Baltazar, yaron ofishin tashar jiragen ruwa,
ya zo da yamma, takalmansa na ɗiga a dandamalina.
Bai ce in sayi sabuwa ba, shi ya sa na ba shi shayi.
Ya ɗora wa mai karanta wasiƙuna wani ɗan mataimaki
da ke sake gina katanga da abin da ya samu:
sanda a tsaye, sanda a kwance,
alamar tarawa a inda suka gamu.
Ginin talaka, amma gini.

Ba a nan ta ƙare ba.
Faɗin allona harafi tamanin ne, ko ɗaya ba ya ƙari,
sai ɗakin ƙarshe ya zame ya faɗo ƙasa.
Muka rage sunaye, muka matse lungu.
Sai kuma ɗan karan nan da ke kan Miércoles,
mashin ya ƙirga shi harafi biyu,
katanga ta karkace daidai nan kamar haƙorin tsohuwa.
Baltazar ya yi tsaki, ya yi ta tone-tone har goma ta wuce,
sannan ta miƙe.

Yanzu in imel ya zo, ga teku a jere, kore a kan baƙi,
ga gurbin Laraba a buɗe, bango huɗu, ba kowa,
kuma ba mai matsowa.

Ximena ta sake tambaya a ƙasan wasiƙa,
ko na ɗauke kujerar mamarta daga gefen teburi,
shekara huɗu ke nan, Baba.
Na rubuta mata: jadawali ya iso lafiya.
Ruwa zai janye biyar saura kwata.
Ki gaida yara.