Kwaɗo a Ƙofar Zana

Inna Barira na da kemis a Aboabo,
ɗaki ɗaya, fanka mai tari,
da littafin bashi da ruwan damina ya lashe gefensa.
Na ce: Inna, kawo in zuba miki shi a waya.

Dare goma sha ɗaya ina gina manhajar,
in an kawo wuta in yi rubutu,
in an ɗauke in kashe sauro.
Can ƙasanta na binne ɗan fayil
da bai kai nauyin hoton suna biyu ba,
amma rabin Zango na kwance a cikinsa:
dattijon da ba ya so 'ya'yansa su san sukari ya kama shi,
direban da ake bi sidi tamanin tun kafin azumi,
da matar nan mai zuwa bayan isha'i,
wadda ba ta kiran sunan ƙwayar,
sai dai ta nuna da ido.

Na sa kalmar sirri a bakin shiga,
na fita ina hura hanci.

Fusena ce ta sauke mini shi.
Ta jona wayar da kwamfutarta tana cin ƙosai,
ko kallon ƙofata ba ta yi ba,
ta zagaya ta baya, ta zare fayil ɗin,
ta karanto mini sunan kawuna
da abin da yake haɗiya kowace asuba.
Ta goge mai a yatsa ta ce:
Muntari, kwaɗo ka rataya a ƙofar zana.

Ban yi barci ba.
Na sa lissafi ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya,
ya dama su kamar gero da yashi a ƙwarya guda,
yadda ba mai tsincewa sai mai makulli.
Makullin kuwa ban tura shi ƙarƙashin tabarma ba,
ban rubuta shi a jikin manhajar ba,
don ɓarawo ma ya san tabarma.
Na ce Inna ta zaɓo kalmomi biyar daga kanta,
waɗanda ba sunan jika ba, ba ranar haihuwa ba.
Tana latsawa na juya mata baya
ina ƙirga kwalaben maganin tari.

Wata huɗu.
Ranar wata Laraba a Kejetia,
inda kafaɗa ke gaisawa da kafaɗa ba sallama,
wani hannu ya ziyarci jakarta.

Ta iso shagona mayafi a karkace.
Ba kuɗin wayar take yi wa kuka ba.
Asirin mutane, Muntari!
Amana suka ba ni, na saka ta a jaka kamar goro!

Na ba ta kujera, na ba ta ruwa.
Na ce: duk wanda ya buɗe fayil ɗin nan yau
zai ga sawun kaji ne a kan toka.
Ya kai shi Adum, ya kai shi Ankara,
ya tara duk masu gyaran waya,
toka dai zai gani.

Muka sauko da kwafin da ke ajiye,
shi ma a dame yake.
Na sake juya baya.
Sunaye suka dawo layi-layi, kowa da bashinsa.

Sai wani tsoro ya kama ni, ganin furfurarta.
Na ce: Inna, in kalmomin suka ɓace miki fa?
In ta Allah ta kasance?
Ni kaina ba zan iya buɗewa ba.

Ta ɗaure wayar a bakin zane, ƙulli biyu.
Ta ce: To ranar nan an yafe wa kowa,
har direban.

Bayan isha'i matar ta zo.
Ta nuna da ido.