Ba Ragi

Ranar Laraba, sanyin Jos na cizon yatsu,
Baba Choji ya hawo matakalar shagona a Dilimi
da faifan sidi uku naɗe cikin hular ulu,
yana tafe a hankali kamar mai dakon ƙwan zabi.

Ya ce, Tanimu, an ce kai ne mai tatsar faifai.
Na ce, ni ne, Baba. Em-fi-tiri, minti goma,
ka tafi da abinka a waya.
Ya girgiza kai.
Ya ce, bara an yi mini irin wannan,
jikata ta saurara, ta ce, Kaka,
wa ke suyar ƙosai a bayan makaɗa?

Ba ƙosai ba ne, yaro, ruwan sama ne.
A ɗakin taron ma'aikatan kuza a Bukuru aka ɗauka,
rufin kwano, tsakiyar Agusta,
muna cikin kiɗi na uku hadari ya sako,
ba wanda ya ajiye ƙaho.
Daga kaset aka juye nan, kaset kuma gara ta gama da shi.

Na hura wa faifai numfashi,
na goge daga cibiya zuwa baki.
Ƙarzane biyu, ɗaya doguwa kamar tsagen fuska.
Kwamfuta ta haɗiye, ta yi gurnani.
Na sa ta karanta sau biyu,
ta gwada lissafin farko da na biyu,
in ba su zo ɗaya ba ta koma baya.
Muna kashi sittin da bakwai aka ɗauke wuta.
Obinna mai caja ya miƙo mana layi daga janaretansa,
muka sake lale.

Kafin ta gama na yi masa bayani:
em-fi-tiri mahauci ne mai wayo,
yana yanke abin da ya zaci kunne ba zai nema ba,
ya miƙo ƙunshi mara nauyi.
Filak kuwa ninkin zane ne,
a ninke ya shige akwati,
a warware ya dawo kamu shida cif,
ko zare ɗaya bai yi ciwon kai ba.
Ya ce, to ninke mini.

Miga ɗari uku da arba'in, faifai ɗaya tak.
Wayarsa ta ce babu masauki.
Na ciro memori daga aljihun tebur, ban sa a lissafi ba.

Na ɗora abin saurare a kunne, na danna.
Wani ya ja kujera. Mai ganga ya yi tari.
Sai ɗigo, sai ɗigo biyu,
sai kwano ya ɗauka gaba ɗaya,
kowane ɗigo da nasa suna.
Can ƙasa, kafin ƙaho ya tashi,
wani ya ja numfashi mai tsawo
kamar zai nutse a kududdufin haƙa.

Na cire, na miƙa masa. Bai karɓa ba.
Ya ce, injin wanke kuza ya cinye kunnen hagu,
na dama saura ƙiris.
Fuskarka nake kallo, kuma na ga ruwan ya sauka.
Ka ji mai numfashin? Barau ne, ɗan Gangare.
Shekara goma sha ɗaya kafaɗata na gogar tasa.
Bai bar hoto ba.

Ya biya, ya mayar da faifai cikin hula,
ya sauka da kai a buɗe cikin sanyin nan.

Na roƙi izini na ajiye kwafi.
Da dare, bayan na ja ƙofar shago,
titi a bushe ƙamas,
nakan zauna, ruwan Agusta na zuba a kaina,
ina jiran Barau ya ja numfashi.