Akwatin Ƙarshe

A Tromso, cikin watan Yuni,
rana ba ta da kunya.
Ƙarfe biyun dare tana zaune kan rufin tashar jirgin ruwa
kamar baƙuwar da ta ƙi yin sallama.
Dare mahutar bawa, aka ce.
Mu nan rabon bai iso mana ba.

Likita Eivind na can Bodo,
tafiyar yini guda a mota.
Ranar Alhamis yakan fito a allon wayata,
fuskarsa ba ta kai tafin hannu ba,
wani lokaci bakinsa ya riga muryarsa isowa.
Shi ya sa mini manhajar.
Ya ce, Torunn, ba ƙwaya ba ce.
Lissafi ne. Ki yi haƙuri da ita.

Sai ga ta tana kafa mini doka,
ni da na yi shekara talatin ina tuƙa bas:
kada ki hau gado kafin ƙarfe ɗaya,
in ido ya ƙi rufuwa, tashi ki bar ɗakin,
juya agogo ya kalli bango.
Na tashi. Na zauna a kicin da safar ulu
ina jin tsuntsayen teku na faɗa a kan hanjin kifi.
Na zage ta.
Ba ta rama ba.

Kullum safe tambayoyinta ba sa canjawa:
yaushe kika kwanta, sau nawa kika farka, kofi nawa kika sha?
Can ƙasa akwai akwati, fari fat,
an rubuta: ko da wani abu?
Kwana goma sha tara ina tsallake shi.
Ran na ashirin na rubuta:
har yanzu a gefen hagu nake kwana,
na dama na Halvard ne,
kuma ba mai minshari.

Alhamis ta zo. Eivind bai taɓa lissafin ba.
Ya cire tabarau, ya yi shiru
har na zaci layi ne ya yanke.
Ya ce, ba ni labarin minsharin.

Barci ɓarawo ne,
ba ya shiga gidan da ake gadi.
Na daina gadi.

Jiya awa biyar da minti goma.
Manhaja ta ba ni ɗan tauraro rawaya,
na yi mata tsaki, na yi dariya.
Abin da ban faɗa mata ba:
da na farka, ƙafata ɗaya
ta ƙetare tsakiyar gado.