Sifili Ba Ƙarshe Ba Ne

Ƙarfe biyun dare a Hsinchu.
Iska na dukan tagar hawa na bakwai,
taliyar shinkafar da Shu-fen ta saya tun magariba
ta sandare a kwali, tsinkaye biyu kwance a kanta.

Abin da take nema bai taka kara ya karya ba,
lambobi uku ne a jere:
ɗari biyu da hamsin da biyar, sai sifili, sai ɗari da saba'in.
Da su na'urar auna bugun zuciya ke gyaran murya
kafin ta faɗi abin da ta ji.

Sau goma sha ɗaya tana tura ɗan aiken da kowa ke turawa,
yana dawowa hannu rabbana.

Ba laifinsa ba ne.
A gidan haruffa ya tashi,
inda in an ga sifili an shafa fatiha ke nan, kowa ya watse.
Nan kuwa sifili ɗan gari ne,
yana zaune a tsakiyar magana, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Chia-hao ya bar mata takarda a jikin allo:
canja wa lambobin riga kawai, zai karɓe su.
Ta canja. Ya karɓa. Ya sake tsayawa a wuri guda.
Wani gwajin ma, ɗari biyu da hamsin da biyar
ya shiga da arzikinsa,
ya fito ana bin sa bashin ɗaya.

Sai ta naɗe hannun riga.
Ta ce ba mai bin kowa bashi a nan,
daga sifili ake farawa, sama ake yi.
Ta auna tsawon igiyar tun kafin tafiya,
ta ɗora yatsa a gurbin farko:
kai ne? A'a. Matsa.
Kai ne? Na farko ya yi, na biyu ya saɓa. Matsa.
In ragowar ba ta kai uku ba, a ja birki,
taki ɗaya gaba gonar wani ce.

Layi tara ta rubuta.

A gurbi na dubu huɗu da goma sha bakwai
allurar ta ɗago kai daga ruwa.
Koren zare ya yi tsalle a allo, ya sauka, ya sake yi.
Tamanin da takwas a minti.

Ta daɗe tana kallo
kafin ta tuna a wuyan hannunta ta ɗaura abin.